Ma'aunin ingancin hoton tauraron ɗan'adam: me ake iya gani daga sama a Ƙala'at an-Nahal?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, hotunan tauraron ɗan'adam sun zama shaidar da ake yawan kafa hujja da ita. Ƙungiyoyin agaji na ƙirga tantuna da su, masu sa ido kan abinci na kimanta faɗin gonakin da aka shuka, dangi a Kano da Maraɗi da Garwa kuma na tura wa juna su ta WhatsApp don su san ko ƙauyen ƴan uwansu yana nan. Amma hoto suna ya tara. Wani zai nuna maka inda gona ta ƙare daji ya fara, daga nan ba shi da sauran bayani. Wani kuma za a iya ƙirga bukkoki ɗaya bayan ɗaya a cikinsa. Masu sana'ar karanta waɗannan hotuna suna da ma'aunin da suke raba su da shi, kuma tambayar da ma'aunin ke amsawa ita ce: wace magana za a iya tabbatarwa da wannan hoton, wacce ce kuma ta fi ƙarfinsa?

Ƙala'at an-Nahal wuri ne da ya dace a gwada ma'aunin a kansa. Gari ne kuma ƙaramar hukuma a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kudu maso yamma da birnin Gadarif, a kan tsohon layin dogon da ya bi ta Hawata zuwa Sannar. Duwatsu ne suka taso a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar baƙar laka, irin wadda mutanen Borno ke kira firki. A taswira yankin yana kusan layi ɗaya da Maraɗi da Yamai, don haka rana da damina da rani ba za su zama baƙi ga mai karatu na Nijar ko arewacin Najeriya ba. Akwai Hausawa da yawa a jihar, a birni da ƙauyukan bakin kogin Rahad, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. A fili ɗaya za ka samu manyan gonakin tarakta, da ƙananan gonakin gargajiya da ake kira bildat, da bukkokin ciyawa, da tantunan ƴan gudun hijira. Kowannensu irin hoton da yake buƙata daban ne.

Girman ɗigo

Kowane hoton tauraro tarin ƙananan murabba'ai ne, ɗigo-ɗigo, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake ɗauka. Abu na farko da ake tambaya shi ne faɗin ƙasar da ɗigo ɗaya ya rufe, wanda a takardun kamfanoni ake rubutawa GSD. A taurarin Landsat na Amurka, waɗanda aka fara harbawa a 1972 kuma hotunansu suka zama kyauta tun 2008, ɗigon launi mita 30 ne a kowane gefe. A Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, mita 10 ne, shi ma kyauta. Ƙananan taurarin kamfanin Planet na bayar da kusan mita 3. Pléiades na Faransa ana sayar da hotonsa a santimita 50, WorldView-3 da aka harba a 2014 ya kai santimita 31, Pléiades Neo kuma santimita 30. NigeriaSat-2 na 2011 mita 2.5 yake ɗauka a hoton baƙi da fari.

A Sudan da faddan ake auna gona, kuma faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Noman tarakta a Gadarif ya faro a tsakiyar shekarun 1940 a Gadambaliya, daga baya aka riƙa yanka gonaki masu faddan 1,000. Irin wannan gona a hoton Sentinel-2 ɗigo 42,000 ce, ba yadda za a yi ta ɓuya. Gonar talaka mai faddan 5 ɗigo 210 ce a Sentinel-2, amma a Landsat ba ta wuce 23 ba, kuma da yawa daga cikinsu sun haɗo gefen gonar maƙwabci ko hanyar shanu. A ce kuma bukkar ciyawa ce mai faɗin mita 4. A Sentinel-2 kusan kashi ɗaya cikin takwas na ɗigo guda ta cika, wato ta narke cikin launin tsakar gida. A hoton mita 3 ɗigo ɗaya ce da ɗan ƙari. A na santimita 50 faɗinta ɗigo 8 ne, a na santimita 30 kuma 13, inda za a ga zagayenta da inuwarta.

Girman ɗigo ba shi ne girman abin da za a gane ba. Kafin a ce ga abubuwa biyu a jere, sai kowanne ya samu ɗigonsa kuma an samu wani a tsakaninsu. Gane ko mene ne abin kuwa yana cin ɗigo da yawa fiye da haka.

Matakan NIIRS

Ma'aunin da ya fi shahara sunansa NIIRS. Hukumomin leƙen asirin Amurka ne suka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970, lokacin da masu nazarin hotunan sansanonin Tarayyar Sobiyet ke neman hanyar gaya wa masu sarrafa taurari irin hoton da suke so ba tare da dogon bayani ba. Matakai ne daga 0 zuwa 9. Mataki na 0 shi ne hoton da ba ya karantuwa, ko don gajimare ko don lalacewa. Kowane mataki daga nan yana da jerin ayyukan da ƙwararre zai iya yi da hoton. Na farkon duk jiragen yaƙi ne da tankoki da makamai masu linzami. A 1996 aka fitar da na farar hula, mai misalan gona da gari da daji.

Ayyukan sun kasu uku, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin ma'aunin. Akwai hangowa, wato sanin cewa akwai wani abu a wurin. Akwai bambancewa, wato raba abu biyu masu kama. Sannan akwai tantancewa, wato kiran abu da sunansa. Mutum na iya hango mota daga nesa bai san ko ta haya ce ko ta soja ba.

Idan aka ɗora matakan a kan ƙasar Ƙala'at an-Nahal, a mataki na 1 za a raba gona da daji da ruwa da gari. A na 2 manyan gine-gine kamar asibiti ko masana'anta sun fito. A na 3 ana hango gidaje ɗaiɗai, da jerin taragai a kan layin dogo amma ba a rabe ba. A na 4 ana ganin sawun motoci a cikin ciyawa, ana kuma sanin wannan ginin rumbu ne wancan gidan kwana. Na 5 ne ke tantance tanti da irin tarago, a nan ne kuma ake hango manyan dabbobi kamar giwa da raƙumin dawa a fili. Na 6 yana nuna turakun lantarki da hanyar ƙafa a ƙasa marar ciyawa, yana raba ƙaramar mota da mai dogon baya. A na 7 ana ƙirga katakon da aka shimfiɗa ƙarƙashin ƙarfen dogo. Na 8 da na 9 sun kai ga shafar gilashin mota da zangarniya guda a gonar alkama, kuma wannan aikin jirgin sama ne ko marar matuƙi, ba na tauraron da ake sayen hotonsa a kasuwa ba.

Mutum ne ke ba da makin. Ƙwararre yana duba hoton ya tambayi kansa wane ne aiki mafi wuya da zai iya yi da shi, ko da abin da aka ambata babu shi a wurin. Ba sai an samu giwa a Gadarif ba kafin a ce hoto ya kai mataki na 5. Ana ba da maki har da ɓurɓushi, kamar 4.7 ko 5.3. Jerin misalan dai an rubuta shi ne da idon Ba'amurke, har da gonar bishiyar Kirsimeti da filin wasan tanis a ciki. Babu bukka, babu rumbun ƙasa, babu hafir, wato tafkin da ake haƙawa a Sudan don tara ruwan sama. Mai aiki a yankinmu sai ya nemi abin da ya yi daidai da girmansu da kansa.

Lissafin GIQE

Tun da ba kowane hoto ne za a tara masa ƙwararru ba, kuma mai ƙera tauraro yana son sanin makin tun kafin a harba, sai aka samar da lissafin da ke hasashensa, GIQE. Jon Leachtenauer da abokan aikinsa suka wallafa siga ta 4 a mujallar Applied Optics a 1997, hukumar NGA ta Amurka kuma ta fitar da ta 5 a 2015.

A siga ta 5 ana farawa da 9.57, a cire 3.32 sau logaridim na girman ɗigo da aka auna da inci. An zaɓi 3.32 ne domin duk lokacin da aka raba girman ɗigo biyu, maki ya ƙaru da mataki guda. Daga mita 10 zuwa 5 mataki ɗaya ne, daga 5 zuwa 2.5 wani ɗaya. Idan aka yi lissafin, hoton mita 10 ba zai wuce kusan mataki na 1 ba, na mita 3 bai kai 3 ba, na santimita 50 ya ɗan haura 5, na santimita 30 kuma iyakarsa 6. Waɗannan su ne ƙololuwa, a ce komai ya tafi daidai.

Ba ya tafiya daidai, saboda sauran sassan lissafin ragi suke yi. Ɗaya shi ne kaifin gefe. Inda farin rufin kwano ya haɗu da baƙar ƙasa, ya kamata launi ya canja nan take, amma madubin kyamara da motsin tauraro da iskar sama kan shafe iyakar ta bazu kan ɗigo biyu ko uku. Ɗayan kuma shi ne yawan hayaniya a kan sigina, kwatankwacin shuuu ɗin rediyo mai gajeren zango idan tasha ta yi nisa. Shi ya sa hoton santimita 30 na kasuwa yakan faɗi tsakanin mataki na 5 da na 6, na santimita 50 kuma tsakanin 4 da 5. Har zuwa 2014 dokar Amurka ba ta yarda kamfanoninta su sayar wa jama'a hoton da ya fi santimita 50 kaifi ba, a shekarar ce aka sassauta zuwa 25. Abin da taurarin leƙen asiri ke gani ya wuce nan: hoton wurin harba roka na Iran da Donald Trump ya wallafa a Twitter a Agustan 2019, masana sun kimanta shi da kusan santimita 10.

Abin da ƙasar Gadarif ke ragewa

Lambar da kamfani ke tallatawa ta hoton da aka ɗauka kai tsaye daga sama ce. Sau da yawa tauraron ba ya bi ta saman wurin, sai ya karkata kyamararsa. WorldView-3 da ke ba da santimita 31 a tsaye, idan ya karkata da digiri 20 ya koma 34, kuma duwatsun Ƙala'at an-Nahal za su rufe abin da ke bayansu.

Gajimare ne babbar matsala. Damina a Gadarif daga Yuni zuwa Oktoba take, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, daidai lokacin da ake son sanin wa ya yi shuka, wace hanya ta yanke, wane sansani ruwa ya ci. Sentinel-2 na dawowa kowane kwana 5, Landsat 8 da 9 tare kowane kwana 8, amma dawowar ba ta da amfani idan hadari ya rufe. Hoton santimita 30 mai gajimare matakinsa 0 ne. A nan radar ke shigowa. Sentinel-1, da aka fara harbawa a 2014, yana aika siginarsa ya karɓi amsa, dare ko rana, ko da hadari. Kwantaccen ruwa yakan fito baƙi ƙirin a hotonsa, shi ya sa cibiyar UNOSAT ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janeba take dogaro da radar wajen zana taswirar ambaliya. Hoton radar ba ya kama da abin da ido ya saba gani, kuma yana da nasa ma'aunin daban. Da rani ƙura ce ke shiga tsakani: habub a Sudan, hazo a ƙasar Hausa. Ba ta ɓoye ƙasa gaba ɗaya, tana dai disashe bambancin launi, maki ya sauka.

Bambancin launin nan shi ne abin da ma'aunin bai cika kamawa ba, ga shi kuwa yana da tasiri a rayuwar mutane. Farin tanti a kan baƙar laka yana ƙyalli, ana hango shi ko a hoton da bai kai matakin tantance shi ba. Tsohon jinkan ciyawa kuwa launinsa ya kusa da na ƙasa, wani lokacin inuwarsa kaɗai ke tona shi. Yawancin waɗannan taurari da hantsi suke wucewa, Sentinel-2 wajen ƙarfe 10:30, kuma inuwar Disamba ta fi ta Afrilu tsawo. Ƙauye ɗaya na iya ba da adadin bukkoki biyu daban a watanni biyun ba tare da an gina ko an rushe ko ɗaya ba.

Gona, tanti da gawa

Ƙaramin maki ba ya nufin hoto ba shi da amfani. An gina NIIRS ne don gane siffa a hoton baƙi da fari. Sentinel-2 kuwa yana ɗaukar zangon haske 13, har da wanda ido ba ya gani amma ɗanyen ganye ke mayarwa da ƙarfi. Da shi ake lissafin kore, NDVI, wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai da tsarin FEWS NET ke bin damina da shi. Ba za a ga karan dawa ko na riɗi a ɗigon mita 10 ba, amma ana yanke riɗi wajen Oktoba alhali dawa na tsaye har Nuwamba da Disamba. Gonar da ta bushe da wuri da wadda ta daɗe da kore sun bambanta a jerin hotuna na wata huɗu, ko da hoto ɗaya ba zai raba su ba. Tarkon da ke nan shi ne ciyawa: gonar da manomi ya gudu ya bari ita ma kore ce a Agusta. Ga jihar da ake ɗauka rumbun dawar Sudan, a lokacin da yaƙi ya sa zuwa gona-gona ya yi wuya, wannan kuskuren na iya sa a yi zaton hatsi a inda babu.

Ƙirgar mutane ta fi haka wuya. Yankin ya daɗe da sanin baƙi: a ƙarshen shekarun 1960 aka zaunar da ƴan gudun hijirar Eritiriya a Ƙala'at an-Nahal. Bayan rikicin Tigray ya tashi a Nuwamban 2020, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, a Janairun 2021 kuma aka buɗe na Tunaidba a ƙaramar hukumar Mafaza. Irin waɗannan sansanoni, masu fararen tantuna a jere, su ne mafi sauƙin ƙirgawa da hoton mataki na 5. Amma waɗanda suka kwararo Gadarif bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da Sinja a tsakiyar 2024, da yawansu gidajen dangi da makarantu suka shiga. Rufin da ke da mutum 6 jiya yau yana da 20, kuma daga sama bai canja ba. Ƙirgar da ta dogara ga rufi kaɗai za ta rage yawan al'ummar da ke karɓar nata a cikin gida, kamar yadda Hausawa suka saba, kuma da ƙirga ake raba agaji.

Inda aka fi ganin iyakar ma'aunin shi ne binciken kisa. Bayan dakarun RSF sun karɓe Al-Fashir da ke Darfur a ƙarshen Oktoban 2025, cibiyar binciken jinƙai ta Jami'ar Yale ta bayar da rahoton abubuwa a ƙasa da suka yi daidai da girman gawarwaki, da kuma wuraren da ƙasa ta yi ja. Wasu na ganin irin wannan lafazi kamar kwana-kwana ne. Lissafi ne ya tilasta shi. Mutum mai tsawon mita 1.7 a kwance, a hoton santimita 30, ɗigo 5 ko 6 ne a tsawo, 1 ko 2 a faɗi. Wannan ya isa hangowa, bai isa tantancewa ba. Abin da ke ƙarfafa hujjar shi ne kwatanta hoton jiya da na yau, da wurin da abubuwan suke, da bidiyo da bakin waɗanda suka tsira. Ƙonannen ƙauye ya fi sauƙi, domin bukkar da ta ci wuta takan bar zoben toka da ke fitowa sarai. Da irin wannan shaidar Amnesty International ta buɗe shirinta na sa ido kan ƙauyukan Darfur a 2007. Ko a nan hoton wuta yake nunawa, ba ya nuna hannun da ya kunna ta.

Hoton da ya iso ta waya

Yawancin masu karatu ba daga kamfani suke samun hoto ba, daga Google Earth ne ko daga wani zauren WhatsApp. Abin da Google Earth ke nunawa ɗinki ne na hotuna daban-daban, wani na bana, wani na shekarun baya, kuma ƙauyuka ba su cika samun sabo da wuri kamar birane ba. A manhajar kwamfuta ranar ɗaukar hoton na fitowa a ƙasan allo, ana kuma iya komawa ga tsofaffi. Ganin gida a tsaye a hoton da aka ɗauka kafin Afrilun 2023 ba ya cewa komai game da yau.

Jan hoto da yatsa don ya ƙara girma ba ya ƙara masa bayani, ɗigon ne kawai ke kumbura. Kowace turawa ta waya kan matse shi, gefuna su dushe, hoton da ya fito a mataki na 5 ya iso ƙasa da haka. Akwai kuma manhajojin da ke gyara hoto su ƙara masa kaifi ta hanyar hasashe. Suna sa shi daɗin kallo, amma abin da suka cike tsakanin ɗigo biyu zato ne na kwamfuta, kuma tana iya zana kusurwar gini a inda tarin kara ne.

Hoton da aka yi aiki da shi bisa ƙa'ida yakan zo da sunan tauraron, da ranar ɗauka, da girman ɗigo, da sandar awo a gefe, da sunan wanda ya yi nazarin. Taswirorin UNOSAT kan ƙara da bayanin ko an tabbatar da sakamakon a ƙasa ko ba a kai ga haka ba tukuna. Idan an ce hoto daga Sentinel-2 yake kuma aka zagaye wani ɗigo da jan layi aka ce motar yaƙi ce, sunan tauraron kaɗai ya isa a ajiye maganar, domin mota mai tsawon mita 5 ba ta wuce rabin faɗin ɗigonsa ba.